Tseren Hunturu a Daji: Daga Tsaunukan Ingila Zuwa Dajin Kogo

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A RAGE SAUTI)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na gari da na ƙauye, da waɗanda hali ya sa suka bar gida suna saurarenmu daga Funtua ko Malumfashi ko cikin Katsina. Allah Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.

Shirinmu na yau a kan tseren gudu ne. Amma ba irin na filin makaranta ba, wanda ake zana layi da toka, a busa usur, kafin ka gyara tsayuwa an gama. Wannan na dogon zango ne, a cikin daji da duwatsu, a tsakiyar sanyi, wanda ake kwana ana yi, wani lokaci kwana uku, wani lokaci har mako guda. Na san akwai mai cewa a ransa, "Malam, mu da muke fama da abin da ya ishe mu, ina ruwanmu da masu shiga daji da ƙafarsu don nishaɗi?" Tambayarka a kan hanya take, ɗan uwa, kuma saboda ita aka shirya wannan shiri. Ku dai ba ni aron kunnuwanku.

(KIƊA KAƊAN)

Mu fara da Ingila. Duk watan Janairu, lokacin da sanyinsu ya kai maƙura, ana yin wata gasa da ake kira Spine Race. Ana tashi daga ƙauyen Edale, a bi wata hanyar ƙafa da aka buɗe tun 1965 a kan jerin tsaunukan Pennine, a ratsa gandun daji uku na ƙasa, har a tsallaka iyaka a sauka ƙauyen Kirk Yetholm a Sikotilan. Nisan ya kai mil 268, wato kilomita 431, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Awa 168 aka ba kowa, kwana bakwai cif, kuma agogo ba ya tsayawa. In ka kwanta barci, lokacinka ne ke tafiya. In ka zauna ɗaure ƙafa, abokin hamayya na can yana ƙara nisa. A shekarar da aka fara, 2012, mutum 11 ne suka tashi, uku kawai suka isa.

A watan Janairu, hasken rana a can bai wuce awa takwas ba, don haka yawancin tafiyar cikin duhu ake yinta da fitilar goshi. Ƙasar cike take da caɓi wanda ƙafa ke nutsewa ciki har gwiwa, ga dusar ƙanƙara, ga iska mai kayar da mutum a kan tudu. Kowa da jakarsa a baya, kuma an wajabta abin da zai kasance a ciki: kayan barci, ɗan risho, abinci, tufafin sanyi, taswira, da wata 'yar na'ura da ke nuna wa masu shirya gasar inda kake a kowane lokaci. Wanda aka bincika aka ga kayansa ba su cika ba, ba ya tashi.

A Janairun 2019 wata likitar dabbobi mai suna Jasmin Paris, 'yar shekara 35, ta shiga wannan gasa tana da goyo, 'yarta na da wata 14. A tashoshin hutu, yayin da maza ke neman inda za su ɗan runtsa, ita sai ta fara tatsar nono tukuna, saboda ba ta yaye yarinyar ba, sannan ta ci abinci, ta sake ɗaura takalmi ta fita cikin duhu. Ta isa Kirk Yetholm cikin awa 83 da minti 12. Ba mata kaɗai ta wuce ba, har mazan duka, kuma ta rage fiye da awa 12 daga lokacin da ya fi kowane sauri kafin nata. Duk barcin da ta yi a kwanakin nan bai wuce na 'yan awoyi ba.

Ita ce dai a 2024 ta zama mace ta farko da ta kammala wata gasar a Amurka, Barkley Marathons, da ake yi a ƙarshen sanyi a gandun dajin Frozen Head na jihar Tenesi. Tun 1986 ake yinta. Zagaye biyar ne, kimanin kilomita 160 ko fiye, cikin awa 60, babu alama a hanya, babu na'urar nuna hanya. Ana ɓoye littattafai a cikin dajin, kowane ɗan tsere sai ya nemo su ya yage shafin da ya dace da lambarsa, shi ne shaidar cewa ya bi ta wurin. Shekaru da yawa ana tashi babu ko mutum ɗaya da ya gama. Jasmin ta taɓa ƙofar ƙarshe saura daƙiƙa 99 lokaci ya cika, ta zube a wurin.

(KIƊA KAƊAN)

To, kada labarin jarumta ya ɗauke mana hankali daga abin da ya fi muhimmanci. Irin wannan tsere yana cin rai idan aka yi sakaci. Ranar 22 ga Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100 a wani wurin shaƙatawa mai duwatsu kusa da birnin Baiyin. Da yawansu da gajeren wando da 'yar riga suka fita, domin ba a wajabta musu ɗaukar rigar sanyi ba. Suna cikin hawan tsauni yanayi ya juya, iska da ruwa da ƙanƙara suka sauko, a wurin da mota ba ta iya kaiwa. Mutum 21 sanyi ya kashe, cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar.

A wannan ranar akwai wani makiyayi, Zhu Keming, yana kiwon tumakinsa a kan tsaunin. Da ruwa ya sauko sai ya fake a wani kogo da ya saba ajiye itace da tsofaffin tufafi. Daga nan ya hango wani ɗan tsere yana rawar ɗari, ya kasa tafiya. Ya jawo shi ciki, ya hura wuta, ya mulmula masa hannu da ƙafa, ya shanya jiƙaƙƙun kayansa. Haka ya yi ta yi har ya ceci mutum shida. Ba ya cikin ma'aikatan gasar, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Sanin wurin da ya yi, da tausayin da Allah Ya sa masa, su suka yi aikin da masu shiri suka kasa.

Ku riƙe wannan makiyayi a ranku, za mu dawo kansa. A ganina duk tseren daji a kan abu biyu yake tsaye: tsari mai kula da ran kowane mutum ɗaya, da amincin mutanen da ke zaune a dajin. In babu su, ƙarfin ƙafa ba ya kai kowa gida.

(KIƊAN GANGA, SANNAN A RAGE)

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya san ƙasar da ta tashi daga Ƙanƙara ta bi ta Sheme da 'Yankara, ta gangara Faskari har Sabuwa a bakin iyakar Birnin Gwari, ya san Allah Ya yi mata irin shimfiɗar da masu wannan wasa ke biyan kuɗin jirgi su je nema. Ga duwatsu, irin na wajen Pauwa. Ga kwazazzabai da rafuka waɗanda ke ƙafewa da rani su bar yashi mai cin ƙarfin ƙafa. Ga fako, ga fadamun rake, ga burtali, ga inuwar kaɗanya da ɗorawa da marke. Daga Disamba zuwa Fabrairu an kwashe amfanin gona, hanya ta buɗe, ba ruwan sama, ba taɓo.

Hunturunmu ba irin nasu ba ne, kuma wahalarsa daban take. Da asuba sanyi ne mai sa haƙora kaɗawa, amma kafin azahar rana ta buɗe, iska ta bushe ƙamas. Mutum yana zufa, iska na shanye ta nan take, bai san ruwan jikinsa na ƙarewa ba sai jiri ya ɗebe shi. Ga hazo mai shiga ƙirji, ga leɓe na tsagewa, ga faso a diddige, ga tsaidau da ƙarangiya da kututturen kara a gonakin da aka girbe. Wanda zai yi kilomita 50 a nan, ƙishirwa ce babbar abokiyar gabarsa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a yini ana gudu a daji da sanyi. Dattawanmu sun san safiyar farauta. Tun kafin gari ya waye ake jin ƙaho da ganga, samari na fitowa daga ƙauyuka, kowa da karensa a igiya, da gora ko barandami a kafaɗa, da ɗan ƙunshin ƙuli-ƙuli da goran ruwa. A tsaya a bakin wuta a gasa hannu, Sarkin Dawa ya faɗi inda za a shiga da inda za a haɗu, a yi addu'a, a bazu. Da zarar zomo ko gada ta tashi, sai ka ga saurayi ya bi bayan karensa, ya tsallake kwari, ya ratsa sarƙaƙiya, ƙaya na yagar ƙwaurinsa bai ko waiga ba. Haka za a yi ta yi har la'asar sakaliya, sannan a kamo hanyar gida a ƙasa. Ba wanda ya taɓa auna nisan da ƙafar nan ta ci, ba wanda ya riƙe mata agogo. Farauta tana da nata aibin, da faɗa a kan nama da ƙona daji, ban ɓoye wannan ba. Amma juriyar da ke cikinta, da sanin daji, da bin umarnin shugaba, su ne ainihin kayan aikin ɗan tseren dogon zango.

Ku ƙara da zagage da ke tafe gaban dokin hakimi, da 'yan matan da ke ɗauko ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwar Sheme su koma a ƙasa, da yaron da ke tafiyar awa guda zuwa makaranta kullum. Ƙafa dai akwai ta. Abin da babu shi ne wanda zai gano ta ya rene ta. A Habasha akwai wani ƙaramin gari mai suna Bekoji, garin manoma, inda wani malamin motsa jiki, Sentayehu Eshetu, ya riƙa tara yara da sassafe yana sa su gudu a cikin itatuwa. Daga hannunsa Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1992, haka Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Gaskiya ne Bekoji na kan tudu mai tsayin kusan mita 2,800, abin da ke ƙara wa jini ƙarfin ɗaukar iska, mu kuwa ƙasarmu ba ta kai mita 1,000 ba. Wannan falala tasu ce. Amma malamin da ya tashi da asuba domin yaran wasu, wannan ba sai a kan tudu ake samunsa ba.

A Nijeriya ma an taɓa gwadawa. A 2005 jihar Kuros Riba ta fara tseren hawan tsaunin Obudu, kimanin kilomita 11, da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, kuma yawanci baƙi daga gabashin Afirka ne suka riƙa kwashewa. Tarihin da Abbas Mohammed ya kafa a tseren kilomita 42 a 1990, awa 2 da minti 16, ya shafe sama da shekara 30 ba ɗan Nijeriya da ya karya shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda muka yi watsi da gudun dogon zango.

(SHIRU NA ƊAN LOKACI)

Masu sauraro, akwai abin da ba zai yiwu in tsallake ba, ko da yake yana da nauyi a baki. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, cikin irin wannan sanyi, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Wasu yaran suka haura katanga suka fantsama cikin daji, suka kwana a can. Ɗaruruwa kuma aka tasa ƙeyarsu a ƙasa, cikin duhu, da yawa ba takalmi, aka nausa da su dajin da ya haɗe da Zamfara. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Duk wanda ya ga hotunansu a Katsina washegari ya ga ƙafafu sun yi furu-furu da ƙura, wasu na ɗingishi, an lulluɓe su da barguna. Yara ne 'yan makaranta, sun yi tafiyar da ƙato zai yi ya kwanta jinya, ba tashar hutu, ba likita, ba wanda ya tambaye su ko sun yarda.

Ba su kaɗai ba ne. Mata nawa ne a ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka goya yaro suka kwana suna gudu a cikin kara? Manoma nawa ne suka bar garma a kunya suka ranta a na kare? Shi ya sa ban ga laifin wanda ya ji maganar tseren daji ta yi masa ɗaci ba.

Ga wani abu kuma. A ƙarshen wannan shekarar ta 2020 ne gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, kuma dajin Kogo na ɓangaren Faskari yana cikinsu, tare da Falgore na Kano da Baturiya na Jigawa. Can kudu da Sabuwa kuma ga gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya samu wannan matsayi tun 1999. Ma'anar gandun daji na ƙasa ita ce wurin da ɗalibi da baƙo da mai bincike za su shiga su fito lafiya. A takarda muna da shi. A ƙasa kuwa, kowa ya san wanda ke kwana a ciki. Ku tuna a watan Satumba na 2021 sai da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Bar ta 'yar na'urar nan da ke nuna inda ɗan tsere yake a Ingila, a nan ko kiran gida ba a iya yi a lokacin.

Saboda haka ba zan yaudare ku ba: yau ba mai hankalin da zai tura 'ya'yan mutane tsere cikin dajin Kogo. Amma ina ganin wannan tsere ya dace ya zama ma'aunin da za mu riƙa auna duk wani zancen zaman lafiya da shi. An ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoba na 2023, an yi zaman sulhu a wurare daban-daban, ana kuma ta faɗin cewa an samu sauƙi. Allah Ya tabbatar. Sai dai ranar da uwa a Daudawa za ta bar ɗanta ya tashi da asuba ya yi kilomita 30 ta cikin daji, ya wuce ta gaban ruga a miƙo masa ruwa a ƙwarya, ya iso Faskari ana yi masa tafi, ranar ce za mu ce sauƙin ya iso ƙasa. Kun ga inda makiyayin nan na ƙasar Sin ya shigo. Hanyar tsere dole ta bi ta gona ta bi ta ruga. Makiyayan kirki, waɗanda su ma an kore musu shanu an kashe musu 'yan uwa, su suka san kowace mashaya da kowane kogo. Gasar da ba su cikinta ba za ta yi ƙarko ba.

(KIƊA KAƊAN)

Kafin wannan rana, ba zama za mu yi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai yiwu a bana shi ne ƙarami: kilomita 5 ko 10, da hantsi, a kewayen gari inda jami'an tsaro suka tabbatar da lafiyar hanya. Makarantun sakandare su dawo da tseren ƙetare gonaki da aka san su da shi a da. Maharba su zaɓi hanya su tsaya a mararraba. A ajiye randa ko jarka duk bayan kilomita biyu, a samu ma'aikacin lafiya da babur a shirye. A rubuta sunan kowane yaro lokacin tashi, a kuma ƙirga su lokacin isowa, kada a watse sai na ƙarshe ya shigo. 'Yan mata a yi musu nasu a cikin harabar makaranta, da suturar da iyaye za su gamsu da ita, malamai mata na kula. A riƙe agogo, a rubuta lokacin kowa a littafi, domin da wannan littafin ne mai horarwa daga Katsina ko Kaduna ko Jos zai gane akwai yaron da ya kamata a ɗauka.

Ku kuma samari masu sha'awa, a bi a hankali. Kada wanda bai saba ba ya tashi rana ɗaya ya ce sai kilomita 20. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako. A sha ruwa kafin a ji ƙishi, in tafiyar ta yi tsawo a haɗa da ɗan gishiri da sukari. Dabino da mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri. A shafa man kaɗanya a diddige da leɓe, a sa takalmin da ƙafa ta saba da shi. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura. Mai asma ko sikila ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Kuma kada kowa ya fita shi kaɗai, kada a wuce inda manya suka ce a tsaya.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da iyayenmu hakimai da dagatai, da shugabannin makarantu, da 'yan kasuwar hatsi da Allah Ya hore wa: a cikinku a samu wanda zai ɗauki nauyin tseren farko kafin hunturun nan ya wuce. Kuɗinsa bai kai na taron siyasa guda ɗaya ba. Ga hukumar kula da gandun daji ta ƙasa da gwamnatin jiha kuma, mutanen Faskari na jiran ganin ma'aikata da tsaro a dajin Kogo. Ku kuma masu sauraro, in akwai yaro ko yarinya a unguwarku da kuka san ba a kamo su a guje, ku kai sunansu wurin malamin wasanni na makarantarsu a wannan makon.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.

(KIƊAN RUFE SHIRI)